Zafin Kurmi Ba Irin Na Gida Ba Ne

Kowace shekara, da zarar hunturu ya ja jiki a cikin watan Fabrairu, biranen Kudu sukan shiga wani hali na zufa wanda ba ya sassautawa sai ruwan sama ya kankama a wajen watan Afrilu ko Mayu. A Ikko da Badun da Shagamu, a Binin da Warri da Fatakwal, a Anacha da Inugu da Aba, rana takan ƙwalle tun da hantsi, iska ta tsaya cik, dare ya raba ba a ji sanyin kirki ba. Waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan yanayi su ne talakawa masu neman abinci da ƙarfin jikinsu a sarari, kuma ba sai an faɗa ba, 'yan Arewa mazauna Kurmi suna da yawa ƙwarai a cikinsu. Akwai 'yan dako masu sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir a kasuwar Mil 12, da mahautan Oko-Oba a Agege, da masu kaya a Shasha da Bodija, da direbobin manyan motoci masu kwanaki a kan layin Apapa. Akwai kuma 'yan ga-ruwa, da masu wankin takalmi, da 'yan acaba, da masu gadi, da leburorin gini. Saboda su ne wannan jarida ta ga ya zama wajibi ta ja hankalin jama'a da hukuma a kan wannan al'amari tun kafin a yi abin da-na-sani.

Babban abin da ke jefa ɗan Arewa cikin haɗari a Kudu shi ne wani zato da yake tahowa da shi daga gida. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru ya saba da bazarar da awon zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos. In ya zo Ikko aka ce masa zafin yau digiri 33 ne, sai ya yi dariya, ya ce shi ɗan rana ne, wannan ai wasan yara ne. To, wannan zato kuskure ne, kuma dalilin yana cikin yadda Allah Ya tsara jikin ɗan Adam.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37. In mutum yana aikin ƙarfi ko yana cikin rana, jiki yakan fitar da gumi domin ya rage wutar da ke taruwa a ciki. Amma fitar gumin kaɗai ba ta sanyaya kowa. Sai gumin ya bushe a kan fata, iska ta ɗauke shi, sannan yake tafiya da zafin. Kowace mace a Arewa ta san wannan a aikace ko da ba ta karanta shi a littafi ba, gama shi ne sirrin randa da tulu: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska tana shanye shi, ruwan ciki yana yin sanyi. Iskar bazara a Kano busasshiya ce, shi ya sa in an shanya riga da hantsi kafin azahar ta bushe ƙarau. Iskar Fatakwal kuwa ta riga ta ƙoshi da laimar teku da ta kurmi, riga sai ta yini a kan igiya tana danshi. Abin da ya sami rigar nan shi ne ke samun fatar mutum. Gumi yana ta kwarara har ya jiƙa tufafi sharkaf, ruwa da gishirin jiki suna ta zurarewa, amma zafin yana nan a ciki bai fita ba.

Masana yanayi suna da wani awo da ke haɗa zafi da laimar iska domin a gane abin da jiki ke ji. Bisa ga wannan lissafi, digiri 40 a wurin da laimar iska take kashi 15 cikin 100 jiki yakan ji shi kamar digiri 38. Digiri 33 kuwa a wurin da laima ta kai kashi 70 cikin 100 jiki yakan ji shi kamar digiri 43. Wannan kuma a inuwa ke nan. Wanda ke tsakar rana yana iya ƙara har digiri 8 a kan wannan adadi. Ashe ke nan ɗan dakon da ke Mil 12 a watan Maris yana iya kasancewa cikin wutar da ta fi ta ɗan'uwansa da ke kasuwar Dawanau a rana guda.

Daɗin daɗawa, a Arewa dare yakan kawo sauƙi. Mutum yana da tsakar gida ko ƙofar zaure inda zai shimfiɗa tabarma, ga ɗakin soro mai kaurin bango. A Kudu kuwa matasa 8 ko 10 ne ke cushe a ɗaki guda mai rufin kwano da 'yar taga ɗaya, ko cikin shago, ko cikin kwantena. Kwalta da siminti sun yini suna shan rana, da dare sai su riƙa amayo ta. Wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kunna janareto ya fi ƙarfin mutane da yawa. Jikin da bai huce da dare ba haka zai wayi gari ya koma bakin aiki da gajiyar jiya, kuma bayan kwana 3 ko 4 a jere a nan ne ƙaƙƙarfan saurayi yake yanke jiki ya faɗi.

Kada wani ya ce ai haka aka saba tun zamanin kakanni masu fataucin goro. Yanayin duniya ya sauya. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A watan Fabrairu na wannan shekara ta 2024, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, ta yi ta gargaɗin jama'a game da matsanancin zafi. Daga baya wata ƙungiyar masana mai suna World Weather Attribution ta binciki zafin da aka yi a gaɓar tekun Afirka ta Yamma a tsakiyar watan, ta gano cewa abin da jiki ya ji ya kai wajen digiri 50, a wasu wurare ma har 60, kuma ɗumamar duniya ta ƙara masa kimanin digiri 4. A gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon shekarar, sai da aka riƙa tsayar da wasa domin 'yan wasa su sha ruwa su huce. In har 'yan ƙwallo masu likitoci a gefe suna bukatar hutu a cikin minti 90, ina ga wanda ke ɗaukar buhu tun asuba har la'asar?

Labarin Karaci ta ƙasar Pakistan ya isa ishara. Birni ne na bakin teku mai cunkoso kamar Ikko. A watan Yuni na 2015 zafi ya sauka a kansa a cikin watan azumi, wutar lantarki tana ta ɗaukewa, cikin 'yan kwanaki mutum fiye da 1,000 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu tsofaffi da talakawa. A aikin Hajjin 2024 ma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum fiye da 1,300, kuma zafi na cikin manyan dalilai. Zafi dai yana kisa, sai dai ba ya zuwa da ƙara irin ta ambaliya ko gobara. Mutum ya faɗi a kasuwa, a ce hawan jini ne ko zazzaɓi ko ajali, a yi masa sutura, babu wanda ya ambaci rana.

Saboda haka wajibi ne kowa ya san alamun. Ciwon zafi hawa-hawa ne. Yakan fara da ƙurajen zufa da ɗaurewar naman ƙafa ko na ciki. Daga nan sai galabaita: gumi mai yawa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, bugun zuciya da sauri, fitsari kaɗan kuma ja kamar ruwan shayi. Wanda ya kai wannan mataki ya bar aiki nan take, ya nemi inuwa, ya sassauta tufafi, ya jiƙa jikinsa, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. In an yi rabin sa'a ko sa'a guda bai ji dama ba, ko yana ta amai, sai asibiti.

Mataki na ƙarshe shi ne bugun zafi, wanda zafin jiki ke kai digiri 40 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Alamarsa ita ce ruɗewa: mutum ya fara sambatu, ko faɗa babu dalili, ko tangaɗi kamar mai maye, ko jijjiga, ko ya suma. Fatarsa tana iya bushewa, tana kuma iya kasancewa a jiƙe da gumi, don haka kada a ce ai yana gumi, da sauƙi. A nan ne 'yan'uwa sukan yi kuskure babba. Wasu su ce iska ce ta buge shi, a kewaye shi ana tofi, a toshe masa ɗan iskan da zai samu. Wasu su ruga kemis su sayo farasitamol, alhali kuwa maganin zazzaɓi ba ya sauke wannan irin zafi, yana ma iya ƙara wa hanta wahala. Addu'a ba ta hana ɗaukar mataki. Abin da ya kamata shi ne a ɗauke shi zuwa inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi tun daga kai har ƙafa ana yi masa fifita. In akwai ƙanƙara a sa masa a wuya da hammata da matsematsi. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki don kada ya shaƙe, a kwantar da shi ta gefe. A kira lambar gaggawa ta 112, a Ikko akwai kuma 767, ko a nemi mota, a ci gaba da sanyaya shi har a isa asibiti. Kowane minti da ya wuce jikin yana cikin wannan wuta, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ne ke lalacewa.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma yawancinsa ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Na farko shi ne ruwa. Mai aikin ƙarfi a cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi a cikin sa'a ɗaya, kuma ƙishirwa ba ta zuwa sai jiki ya riga ya fara ƙarancin ruwa. Shawarar masana lafiyar ma'aikata ita ce kofi guda a kowane minti 15 zuwa 20, wato kimanin ledar fiya wata guda a kowane rabin sa'a, kada kuma a wuce lita ɗaya da rabi a cikin sa'a guda, gama yawansa ma yana da illa. Fitsari shi ne ma'aunin talaka: in fari-fari ne, ruwa ya wadata, in ya yi ja, da saura. Wanda ya yini yana gumi ya ci abinci mai ɗan gishiri, ko ya sha ruwan gishiri da sukari, wanda ake haɗawa da lita guda ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kunu da zoɓo da fura da nono da kankana da lemo duk suna taimakawa. A kuma kula da tsabtar ruwan, domin cutar kwalara da ta ɓarke a Ikko a watan Yuni na 2024 ta nuna abin da gurɓataccen ruwa ke iya yi. Giya kuwa da ƙwayoyi irin su taramol, waɗanda wasu matasa ke sha wai don su jure aiki, ɓoye gajiya kawai suke yi har mutum ya wuce iyakar da jikinsa zai ɗauka bai sani ba.

Na biyu shi ne lokaci. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe ko da yamma, a rage shi daga wajen ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 4, a riƙa shiga inuwa ana hutawa a kai a kai. Wannan ba lalaci ba ne. Malamai sun san cewa a cikin sunna an yi umarni da jinkirta sallar azahar har rana ta ɗan yi sanyi in zafi ya tsananta. In an yi wa ibada wannan rangwame, ɗaukar buhu bai fi ta ba.

Na uku shi ne tufafi da makwanci. A sa tufa mai fadi, mara nauyi, ta auduga, mai hasken launi, a ɗora malafa ko a riƙe laima. A buɗe tagogi da dare, a watsa ruwa kafin a kwanta. Wanda zai kwana a waje ya shiga gidan sauro, kada ya guje wa zafi ya faɗa wa zazzaɓin cizon sauro. Kada a kuskura a shigar da janareto cikin ɗaki ko baranda mai rufi don a kunna fanka, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Na huɗu shi ne baƙo. Jiki yakan ɗauki mako 1 zuwa 2 kafin ya saba da aiki a cikin sabon yanayi. Yaron da ya sauka daga tirela jiya ya zo cin rani, aka miƙa masa baro ko kura yau, shi ne ya fi kowa kusa da faɗuwa. Haƙƙi ne a kan maigidansa ya fara shi da kaɗan, ya riƙa ƙara masa a hankali.

Akwai kuma waɗanda ya kamata a sa wa ido na musamman: tsofaffi, da masu juna biyu, da jarirai, da masu hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda, da masu amosanin jini waɗanda ƙarancin ruwa ke tayar musu da ciwo. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari ya nemi shawarar likita, kada ya daina da kansa. Jaririn da bai kai wata 6 ba a yawaita ba shi nono, shi ne ruwansa, kada kuma a naɗe shi da tawul da hula a cikin zufa. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko da na minti kaɗan ne. Mata masu girki da tuyar ƙosai ko awara a cikin lungu su ma suna tsakanin wuta biyu, ta murhu da ta gari.

Azumin 2024 ya kama ne a ranar 11 ga Maris, na 2025 kuma a ranar 1 ga Maris, wato a tsakiyar zufar Kudu. Duk shekarar da azumi, na farilla ko na nafila, ya haɗu da irin wannan yanayi, mai azumi ya raba shan ruwansa tun daga buɗa-baki har zuwa sahur, ya mayar da aikinsa mai nauyi safiya ko dare. Wanda kuma alamun galabaita suka bayyana a gare shi har ana tsoron halaka, shari'a ta ba shi damar ya sha ya rama daga baya. Limaman masallatan Juma'a na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da sauran zangogi su ne suka fi cancanta su bayyana wa jama'a wannan hukunci a kan mumbari.

To, amma nasiha ga talaka kaɗai ba ta isa ba. Wanda ake biya bisa yawan buhun da ya sauke ba zai zauna a inuwa ba alhali iyalinsa a gida suna jiran aike. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyin 'yan dako da direbobi suna karɓar kuɗin shiga da na haraji a kowace rana. Ya kamata a ware wani abu daga ciki a kafa rumfuna, a ajiye tankunan ruwan sha kyauta, a shirya da dillalai a riƙa sauke kaya da asuba ko da dare, a kuma koya wa mutum biyu ko uku a kowane layi yadda ake taimakon wanda zafi ya buge. Haka kuma a riƙa leƙa tsoho ko maras lafiya da ke kwance shi kaɗai a ɗaki, gama irinsu ne ake tararwa sun cika babu wanda ya sani.

Masu masana'antu da 'yan kwangila su ma su sani Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da isasshiyar iska da ruwan sha mai kyau a wuraren aiki. Abin da ya rage shi ne jami'an Ma'aikatar Ƙwadago su fita daga ofis su tabbatar ana bin ta. Har ila yau wannan jarida tana kira ga wakilan jama'a a majalisun jihohi da na tarayya, musamman 'ya'yan jam'iyya da suka hau kujera da ƙuri'ar talaka, su dubi abin da wasu ƙasashe suka yi. A Katar, dokar 2021 ta hana aiki a sarari daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Birnin Ahmadabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya ci rayuka fiye da 1,300, ya fito da shiri a 2013 na gargaɗin jama'a tun da wuri, da shirya asibitoci, da samar da ruwa da wuraren fakewa. Kusa da gida, Firitawun ta Saliyo ta naɗa jami'a ta musamman mai kula da matsalar zafi a 2021, aka kuma yi wa wasu kasuwannin mata rumfunan inuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gwamnatocin Ikko ko Oyo ko Ribas ko Anambara. Gargaɗin NiMet kuma bai kamata ya tsaya a Turanci a shafin intanet ba. A fassara shi da Hausa da sauran harsuna, a karanta shi a rediyo, a aika shi ta wayar hannu, domin ya isa ga wanda aka yi shi dominsa. A kuma daina sare itatuwan birni ba tare da dasa madadinsu ba.

Ɗan Arewa ya bar iyaye da mata da 'ya'ya ne ya zo Kurmi don ya rufa musu asiri. Kuɗin buhu biyu da zai rasa saboda ya huta sa'a guda ba su kai asarar da gidansa zai yi ba in aka aika musu da labarin rasuwarsa, ko aka mayar musu da shi da ciwon ƙoda. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. Allah Ya kawo damina mai albarka, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, Ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya. Amin.